Launin Mudi

Duk wanda aka ɗaura wa aure a unguwannin Hausawa na Gadarif cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya ka shiga ɗakin uwarsa ba ka tarar da aikin Abdulganiyyu rataye a bango ba. Shagonsa yana bayan kasuwar riɗi, tsakanin mai facin tayar tarakta da rumfar masu shayi. Ɗan ɗaki ne, in mutum huɗu suka shiga sai na biyar ya tsaya a bakin ƙofa. Akwai labule mai zanen lambu da ake tsayawa gabansa, da kujera ɗaya mai jan karammiski wadda rabin angwayen gari suka zauna a kanta, sai tebur a lungu ɗauke da kwamfuta da injin buga hoto. Mai shagon kuwa dogo ne siriri, sarkin mita. In ka ce masa hoto ya yi kyau, sai ya karɓa daga hannunka ya nuna maka inda bai yi ba.

Kakansa ya taso da ƙafa daga wajen Haɗeja da niyyar Makka. Ya tsaya a Gadarif ya yi yankan riɗi na kaka ɗaya don ya sami guzuri, kaka ɗaya ta zama arba'in, a nan aka binne shi bai ga ko bakin teku ba. Uban Abdulganiyyu ya gaji laujen. Shi kam in ana maganar lauje, gaskiya rago ne na ƙarshe. Sati biyu ya yi a manyan gonakin Fashaga ya dawo da zazzaɓi da kanta a tafin hannu, ya rantse shi da gona sai dai a hoto. Ya koyi sana'ar a hannun wani mutumin Eritiriya tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, kuma da kwamfuta ta zo bai yi gardama da ita ba, ya zauna ya koya da furfurarsa.

To, akwai wata al'ada da duk mai hoto a garin ya sani. In aka kawo ango ko amarya, bayan an gama ɗauka sai wata gwaggo ta matso kusa da tebur ta rage murya ta ce a ɗan haska su. Mutanen nan rana ta dafa su a gona tun daga shuka har sussuka, kowa yana son ranar aurensa ya fito kamar wanda ya yi shekara a inuwa. Abdulganiyyu bai taɓa ganin laifin abin ba. Har alfahari yake yi da shi, wai sauran masu hoto suna mayar da mutum kamar an watsa masa toka, shi kuwa in ya haska ka, uwarka ma sai ta ce haka ta haife ka.

Sirrin aikinsa wani mutum ne mai suna Elfadil, ma'aikacin wani gidan buga hotuna a Khartum. Sau biyu a shekara yake zuwa, kafin damina da bayan kaka, da 'yar jakarsa a kafaɗa. A cikin jakar akwai wata 'yar na'ura mai igiya, girmanta bai kai tafin hannu ba, Abdulganiyyu ya sa mata suna kwaɗo don yadda take maƙalewa a fuskar allo. Elfadil zai sa a rufe ƙofa, a saki labule, a bar kwamfuta ta yi rabin awa a kunne, sannan ya rataya kwaɗon. Allo ya dinga canza launi, ja, kore, shuɗi, toka-toka, kwaɗo yana aunawa, har a daidaita shi. Bayan wannan, abin da ka gani a allo shi zai fito a takarda, ba ƙari ba ragi. Elfadil ne ma ya sa shi fente bangon lungun da ruwan toka, maƙwabta suna ta dariya wai ya mayar da shago ofishin 'yan sanda.

Kullum kafin ya tafi, sai Elfadil ya maimaita masa karatu ɗaya a kan kofin gahawar da ake kira jabana. Allo yana tsufa, zafi yana cinsa, fari yana karkata a hankali zuwa shuɗi ko rawaya ba tare da ya yi sallama ba. Ido kuma ba abin dogaro ba ne, don duk abin da ka daɗe kana kallo sai ya ce maka daidai ne. Abdulganiyyu yakan ce ya ji, a ransa kuwa yana cewa ɗan birni da iyayi, ni da na yi shekara talatin ina kallon fuskokin mutane.

Sai yaƙi ya tashi a Khartum cikin azumi. Elfadil bai zo kafin damina ba. Abdulganiyyu ya kira lambarsa har ya haddace muryar matar da ke cewa ba a samunsa. Bayan kaka ma bai zo ba, kuma a lokacin ne birnin Madani ya watse, mutane suka kwararo Gadarif ta hanyar Fau, a kan manyan motoci da amalanke da ƙafa. Makarantu suka cika, masallatai suka cika. Aikin shago ya koma hoton katin shaida da na takardun neman taimako, irin wanda ba mai tambayarka launi.

Wata safiya, wata biyu bayan haka, mata biyu suka yi sallama. Ta gaba tsohuwa ce, Hajja Rakiya, ya san ta tun suna yara a unguwa ɗaya. Ta bayan surukarta ce, Mardiyya, rungume da wani abu mai faɗi naɗe cikin zane. Da ta warware sai ya ga firam, ya ga jar kujerarsa da labulensa mai lambu, ya ga ango cikin farar jallabiya da rawani. Ya gane aikin hannunsa kafin ya gane mutumin.

Mudi ne, ɗan Hajja Rakiya, direban tarakta. Shekara tara ke nan da aka kawo shi shagon kai tsaye daga gona, rana ta gasa shi har wuyansa yana sheƙi. Gwaggwanninsa suka ce a haska shi sosai, don dangin amarya 'yan gari ne. Abdulganiyyu ya zage ya yi aiki, ya haska, ya goge, ya lallaɓa kumatu. Yana tuna ranar da Mudi ya zo karɓa, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tuntsire da dariya ya ce, “Baba, wannan bawan Allah in ya zo gari ka haɗa mu mu gaisa.” Da shekara ta ƙare Abdulganiyyu ya share hoton asali daga kwamfuta kamar yadda ya saba, don wurin ajiya ya yi kaɗan. Me za a yi da wanda ba a gyara ba?

Mardiyya ce ta ba da labarin, idonta a ƙasa. Bayan aure sun koma Madani, Mudi ya sami tuƙin babbar mota wajen wani mai fataucin dawa. Ranar da gari ya rikice, ya ɗora ta da yara a motar wani abokinsa, ya ce zai biyo su da yamma in ya ɗauko wani maƙwabcinsu tsoho da ba ya iya tafiya. A hanya wasu masu bindiga suka tare su suka karɓe wayar kowa, tata har da hotunan da ke ciki. Sun iso Gadarif kwana uku bayan nan. Shi bai iso ba. An bi dangi, an bi abokai ana neman hotonsa, ba a sami komai ba sai wani da aka ɗauka daga nesa yana kan tarakta ya naɗe fuska da rawani. Mudi ba mai son hoto ba ne. Abin da ya rage a duniya mai fuskarsa shi ne wannan na bangon uwarsa.

Sun riga sun gwada shi. Sun ɗauke shi da wayar maƙwabta sun watsa, sun liƙa kwafi a masallatai da makarantun da 'yan gudun hijira ke kwana. Waɗanda suka san Mudi suka ce ba su gane shi ba. Waɗanda ba su san shi ba suka dinga aiko su wurin fararen mutane. Sau uku Mardiyya tana ratsa gari a ƙafa, ta tarar da wani da ko a mafarki bai yi kama da mijinta ba.

Hajja Rakiya ta ɗora firam ɗin a kan tebur ta ce, “Kai ka canza mini ɗa, Abdulganiyyu. Kai za ka mayar mini da shi yadda Allah ya yi shi.”

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba a sana'arsa. Ya ce su ba shi kwana biyu. Ya faɗa da ƙarfin gwiwa kuwa, shi a tunaninsa abin da hannu ya ɗaura hannu zai kwance.

Ina! Haskawa ba riga ba ce da za a tuɓe a ga jiki a ƙasa. Abin da ya goge shekara tara da suka wuce ya tafi ke nan. Da ya shigar da hoton cikin kwamfuta ya rage haske, fuskar ta yi toka-toka kamar ta mai jinya. Ya ƙara ja, ta koma kamar ta mai fushi. Ya ƙara rawaya kaɗan, ya rage shuɗi, ya zauna yana ƙoƙarin tuno wuyan nan mai sheƙi da ya gani sau ɗaya cikin dubban wuyoyi. Da la'asar ta yi ya ga kamar ya kama shi. Ya ji daɗi har ya aika aka kawo masa shayi.

Washegari Hajja Rakiya ta zo ta zauna a jar kujera, ta naɗe hannun rigarta ta kai damtsenta kusa da allo, ta ce launinsu ɗaya da ɗanta, ya duba da kyau. Ya duba. Hannun tsohuwa hasken ƙofa ne ke faɗa masa, allo kuwa da kansa yake ba da haske, abu biyu ne da ba su zama a mudu ɗaya. Duk da haka ya matsa nan ya matsa can har ta gyaɗa kai. Ya sa takarda ya buga. Abin da injin ya tofo ja ne jawur kamar jan bulo, kuma ya fi na allo haske nesa ba kusa ba.

A nan ne maganar Elfadil ta dawo masa. Wata goma sha huɗu ke nan kwaɗo bai hau allon nan ba. Ya sha zafin bazara, ya sha wutar da ake ɗaukewa a kawo sau biyar a yini, ya sha janareton maƙwabci mai tari. Abdulganiyyu ya ɗauko farar takarda ya kara kusa da farin allo, sai ya ga na allo ya yi shuɗi-shuɗi, ya dusashe. Ashe shi ya sa yake ta zuba ja da haske, yana gyara ciwon allo a fuskar Mudi. Ya kama maɓallan da ke ƙasan allon yana dannawa, ya rage wannan ya ƙara wancan, har fari ya yi fari a idonsa. Ya fita ya gaisa da mai facin taya, ya dawo, ya tarar da allo kore shar. Ya sake gyarawa. Da azahar ya ga rawaya. Wallahi ranar har zagin allon ya yi da Larabci da Hausa, kamar mai ji.

Ga kuma tawada. Ta asali da Elfadil ke aikowa ta ƙare tun damina, yanzu sai wasu kwalabe marasa suna da ake shigowa da su ta kan iyaka, kowace da halinta. Takardar hoto mai kyau saura fakiti ɗaya, shi ma an taɓa. Ya zaga sauran shagunan hoto uku na kasuwa yana tambayar ko wani yana da na'urar auna allo, biyu ba su taɓa jin labarinta ba, na uku ya ce ya gani a bidiyo. Aka kwatanta masa wani babban mai hoto na Khartum da ke kwana a ajin wata firamare da iyalinsa. Ya same shi zaune a kan tabarma yana gyara wa jikarsa takalmi. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, ya ce yana da ita mana, guda biyu ma, suna cikin aljihun tebur a wani shago da aka ce masa yanzu ko ƙofa babu.

Sai ya koma dabarar zamanin ɗakin duhu. Tunda allo ba ya faɗin gaskiya, a tambayi takarda. Ya yanka takardun ƙanana-ƙanana kamar faɗin yatsa biyu, ya dinga buga kuncin Mudi kaɗai, kowane da ɗan bambanci, daga mai haske zuwa mai duhu. Ya jera guda ashirin a kan kwali ya sa musu lamba, ya fito da su bakin ƙofa inda hasken rana yake, ya kira matan biyu.

Hajja Rakiya ta nuna na shida ba ta ko yi jinkiri ba. Mardiyya ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa a kan na goma sha huɗu. Tsohuwa ta ce haba, ita ta haife shi, ita ta yi masa wanka shekara bakwai, za a gaya mata launin ɗanta? Mardiyya ba ta yi musu da ita ba. Ta dai ce a hankali, Inna ta san shi kafin tuƙi, kuma mutum fuskarsa launi ɗaya ce, abin da riga ta rufe wani launi ne daban. Tana faɗin haka kunya ta kama ta, ta ja tob ɗinta, mayafin da ta naɗe jiki da shi, ta rufe baki. Abdulganiyyu ya tsaya tsakaninsu da kwali a hannu, ya rasa wa zai gaskata, don ya ga kowacce gaskiyarta take faɗa.

Ya ɗauki na goma, ya buga manya guda shida, ya ce a liƙa. Ya kuma tura hoton a waya don a watsa. Da yamma masu shayi da mai facin taya suka taru suna dubawa, ya ce su ajiye wayoyinsu a jere a kan tebur. Waya huɗu, mutum huɗu. A ɗaya Mudi baƙi ne wuluk, a ɗaya wankan tarwaɗa, a ɗaya kamar mai shawara, ta ƙarshe mai fasasshen gilashi ta mayar da shi shuɗi. Abdulganiyyu ya zauna a jar kujera, abin da bai taɓa yi ba a gaban mutane, ya ce kowa ya ɗauki wayarsa.

Sati uku ba labari. Ran nan da hantsi sai ga wani dattijo a bakin shago, ƙura har gira, ya sauko daga motar riɗi. Ya ce sunansa Jibril, daga wani ƙauye kusa da Fau, shi ke wankan gawa a masallacinsu. A kwanakin gudun nan sun binne baƙi goma sha ɗaya da aka tsinta a gefen hanya, ba suna ba takarda. Ya ga hoton a wayar wani ɗan'uwansa, gabansa ya faɗi, don ya yi kama da wani dogo da ya wanke da hannunsa, daga shi sai singileti da wando. Shi ya sa ya yi tattaki. Amma da ya iso ya ga wanda aka liƙa a bangon masallacin kasuwa, sai shakka ta shige shi. Na waya baƙi ne kamar mutumin da ya wanke, na bango kuwa ja-ja ne. Ya ce shi ba zai ɗauki alhakin matar mutum a kan abin da bai tabbatar ba, a gaya masa wanne ne na gaskiya.

Abdulganiyyu ya ce babu na gaskiya a ciki. Faɗin hakan ya yi masa ciwo, amma ya faɗa.

Aka kira Mardiyya. Ta zo ita kaɗai, ba a gaya wa tsohuwa ba tukuna, tana riƙe da wata leda. Ta riga ta je wajen limamin unguwa tun makonnin baya, ya gaya mata hukunci: in an sami shaidar rasuwa ta shiga takaba, in ba a samu ba matar Mudi ce, ta yi jira, jiran kuma na shekaru ne. Ta gaishe da Malam Jibril ta durƙusa, ta tambayi tsawon mutumin, ya nuna da hannu. Ta tambayi haƙoransa, ya ce bai duba ba. Ta tambayi ko akwai zobe, ya ce ba a bar musu komai a jiki ba.

Sai wata dabara ta faɗo wa Abdulganiyyu, har ya ji ƙarfi ya dawo masa. Allo maƙaryaci ne, to, amma ai ƙarya ɗaya zai yi wa mutum biyu in suka kalle shi a lokaci ɗaya. Ya rufe ƙofa ya saki labule yadda Elfadil ke yi. Ya sa Malam Jibril ya jira a rumfar shayi. Ya zaunar da Mardiyya gaban allo, ya buɗe hoton, ya kama ɗan ma'aunin haske mai lamba a gefe yana ja a hankali, fuskar tana ƙara duhu, ya ce in ta ga mijinta ta ce ya tsaya. Ta tsayar da shi a talatin da huɗu. Hawaye na zuba amma muryarta ba ta yi rawa ba. Ya rubuta lambar a tafin hannunsa, ya mayar da hoton farkonsa, ya fitar da ita ya shigo da dattijon.

Malam Jibril ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allo. Ashirin, ashirin da biyar, talatin. Abdulganiyyu yana ja, shi kansa bai san me yake roƙo ba, su dace ko kada su dace. Talatin da huɗu ta wuce dattijo bai tsayar da shi ba. A talatin da tara ya ɗaga hannu.

Tazarar biyar. Abdulganiyyu ya san abin da biyar take nufi, kuma ya san ba ta nufin komai. Tsakanin hantsi da la'asar allon nan yana yin tafiyar da ta fi haka. Rabin mazan unguwarsu in ka jera su, tsakanin lambobin nan biyu za su faɗa. Ya roƙi dattijon ya fita ya sha iska ya dawo su sake. Da ya dawo ya tsaya a talatin da ɗaya. Sai Malam Jibril ya share ido da gefen rawaninsa ya ce a yi masa afuwa. A ƙarƙashin bishiya ya wanke mutumin, rana ta yi sanyi, ga ƙura, ga kwana biyu da ya yi a fili kafin a tsince shi, kuma duk mai wankan gawa ya san mutuwa tana canza launi. Kama dai akwai kama. Rantsuwa ce ba zai yi ba.

Mardiyya tana tsaye a bakin ƙofa ta ji komai. Ba ta dubi dattijon ba, Abdulganiyyu ta duba.

“Baba, kai ka ɗauke shi, kai ka san launi. Shi ne ko ba shi ba ne? In shiga takaba ko in ci gaba da jira?”

Shekara talatin yana gaya wa mutane abin da ya yi ja da abin da ya yi fari, ba mai yi masa gardama. Ya dubi allo, ya dubi lambar da gumi ya fara narkarwa a tafinsa. Da ya bar hoto ɗaya tak bai share ba, da yanzu an juya shi an nuna wa dattijon nan, ko a yi kuka ko a yi hamdala.

“Ban sani ba, 'yata,” in ji shi. “Wallahi ban sani ba.”

Ta gyaɗa kai kamar dama abin da ta zata ke nan. Ta buɗe ledar da ta zo da ita, sai ga farin tob na takaba, sabo, a ninke. Ashe tun da aka ce mata wani ya zo daga Fau ta biya ta kasuwa ta saya, don kada labari ya same ta ba shiri. Ta mayar da shi cikin ledar ta ɗora a kan kantar da ke saman kwamfuta. Ta ce ba za ta kai shi gida Inna ta gani ba, ya ajiye mata, ranar da allonsa ya faɗi gaskiya ya aika a kira ta. Malam Jibril ya koma da motar yamma, ya bar kwatancen kabarin, na huɗu daga bishiya.

Har yanzu Abdulganiyyu yana buɗe shago. Ana ɗaura aure ko a cikin yaƙi, kuma gwaggwanni ba su daina matsowa kusa da tebur suna rage murya ba. Yana haskawa, me zai ce musu? Sai dai yanzu yakan buga ɗan ƙarami wanda bai taɓa ba, a kan ko wace irin takarda ya samu, ya cusa shi a bayan firam ba tare da ya gaya wa kowa ba. Lambar Elfadil kuwa yana kiranta duk Juma'a bayan an sauko, matar nan tana ba shi amsar da ta saba.

Ledar tana nan a kan kantar. Da safe tob ɗin fari ne tas, da la'asar sai ya ga kamar ya soma yin rawaya, bai san ko ƙura ce, ko haske, ko idonsa ba. Mardiyya ta kama sayar da kisra, wainar dawa mai faɗi, a bakin kasuwa. In za ta wuce takan tsaya a ƙofa ta gaishe shi, ta ɗaga ido ta dubi kantar, shi kuma ya girgiza kai, ta wuce.

Daga nan bangon masallaci take zuwa ta duba hoton. Tawadar nan marar suna ba ta jure rana. Duk sati Mudi yana ƙara haske a jikin bango, ya wuce na shida da uwarsa ta zaɓa, ya kusa komawa angon da ya ce a haɗa su su gaisa. Jiya ta tambayi Abdulganiyyu ko zai sake buga wani. Ya jawo fakitin takarda ya buɗe mata, babu ko ɗaya a ciki.